Hassada Ga Mai Rago

Kai mai jar hula, na ji abin da ka ce. Wai zanen mota ai rubutu ne kawai, ko ɗan firamare ya iya. To madalla. Ku da na'ura ke tofo maku rubutu bisa leda ku manna a bayan babur, in ya karkace ku ɓare ku sake mannawa, dole ku faɗi haka. Jawo bencin nan ka zauna, ka kife wayar nan bisa cinyarka, in ba ka labarin mutumin da ya fi kowa iya wannan aiki tsakanin Funtuwa da Malumfashi, da yadda harafi ɗaya tak ya kusa raba shi da sana'arsa.

Motar farko da na taɓa sa wa hannu wata tsohuwar roka ce mai bodin katako, tana kwasar auduga daga fuloti, inda ake awonta, zuwa gidan gurza. Lokacin ana sabon canjin kuɗi, tsofaffi ba su daina lissafi da sule ba. Maigidanmu Malam Tanimu, Allah ya jiƙansa, yana da rumfa a bayan tashar Funtuwa, gindin wani maɗaci. Na zo da zumuɗi ina jiran a ba ni buroshi, sai ya miƙo mani samfefa, ya nuna mani gefen motar, ya ce, "Lawal, goge, har sai ka shafa kuncinka ba ta karce ka ba." Na yini ina gurzar katako, yatsuna suka saɓule. Da la'asar ya zo ya shafa da bayan hannu, ya ce da saura. Haka na shekara, gugar katako, cusa foti a ramin ƙusa, wanke buroshi da kananzir, tace fenti da tsohon ɗankwali don kada ɓawo ya bi. Fenti kuwa ba buɗe gwangwani ake yi a hau shafawa ba. Sai ka san sirkinsa. In ya yi ruwa ya zubo maka da hawaye har ƙasa, in ya yi kauri ya riƙe buroshi. Rana ma da nata hukuncin, don wanda ka shafa da tsakar rana bisa katako mai zafi, kafin kaka ya yi ƙuraje ya ɓare.

Buroshin rubutu da hannunmu muke ɗaurawa. Kwata muke zuwa mu roƙi mahauta gashin cikin kunnen sa, shi ne mai laushi, mu wanke, mu jera kansa, mu ɗaure da zare, mu cusa a bututun gashin agwagwa. Akwai sandar dogara hannu, mai dunƙulen tsumma a kai. Akwai zaren da ake turmusawa cikin garin alli, mutum biyu su ja shi su ɗalle, ya bar layi miƙaƙƙe. Ka yi wannan duka kana tsaye bisa tsani, ko kana durƙushe kan rufin direba, ƙarfe na gasa maka gwiwa, direba na ƙasa yana tambayarka ko ka kusa.

Ni dai da aka sakar mani buroshi, abin da na iya shi ne shafe da fure da dabino da ɗan zaki. Zakina ma direbobi cewa suke ya fi kama da kyanwar da ta ƙoshi. Rubutu kuwa na Bitrus ne. Ɗan wata unguwa ne kusa da Gozaki, iyayensa manoma ne masu zuwa majami'a, ya girme ni da kaɗan, ya riga ni zuwa rumfar. Ya yi makarantar mishan bai ƙare ba. Ya taɓa gaya mani wani malaminsu kullum sai ya buge mashi yatsu da rula, yana ce mashi mai kan kaza, don ana karatu shi yana kallon tsuntsu ta taga. Amma ko malamin nan, in za a rubuta allon waƙoƙin Lahadi, Bitrus yake kira. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Harafinsa yana da ciki, yana da inuwa, yana tsaye da ƙafarsa. Daga nesa direba zai hango mota tana tahowa a hanyar Zariya ya ce, "Wannan rubutun Bitrus ne."

Sai dai Allah ba ya haɗa wa mutum duka. Hankalin Bitrus ba ya zama wuri ɗaya. Yana cikin jan harafi, mai rake ya wuce, ya juya. Rediyon mai shayi ya ce wani abu, ya saki aiki ya kasa kunne. Ya tafi ɗauko jan fenti, ka iske shi yana gyara wa wani ƙararrawar keke, ya manta abin da ya kai shi. Buroshinsa nawa suka sandare don ya ajiye ya manta, ba su ƙirguwa. Wata rana kuma sai abin ya juye, aiki ya shige shi, tun hantsi har rana ta faɗi bai sauko ba, bai ci ba, bai sha ba, ka yi ta kira kamar da bango kake.

Akwai wata kiya-kiya ta wani direba ɗan Matazu da aka kawo a rubuta mata "Sannu ba ta hana zuwa" a baya. Aikin rabin yini ne. Bitrus ya gama, kowa ya ce ya yi. Shi kuma ya tsaya yana karkata kai, wai ƙafar N ɗaya ta fi ta 'yar'uwarta tsawo da kamar ƙwayar gero. Kafin mu ankara ya jiƙa tsumma da kananzir ya share layin gaba ɗaya. Ya sake, ya share. Direban nan ya kwana Funtuwa yana zage-zage, fasinjan kasuwa suka wuce shi. Da gari ya waye ya dubi aikin, ya ce a cikin fushinsa, "Duk wannan jiran don wannan?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bitrus ya ajiye buroshi, ya zagaya bayan maɗaci ya zauna. Na kai mashi ƙosai bai taɓa ba. Can ya ɗago, idonsa jawur, ya ce, "Lawal, gaya mani tsakaninka da Allah, maigida korata zai yi ko?" Na ce wa ya yi maganar kora? Ya ce shi ya gani a fuskar kowa. Alhali ba wanda ma ya dube shi. Maganar da ni zan ji in kaɗe rigata in wuce, shi sai ta shige shi ta yi mako tana cinsa.

Mutane sun faɗi albarkacin bakinsu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Uwarsa ta kai shi an yi mashi addu'a a majami'a, ni ma na taɓa kawo mashi rubutun sha a ɓoye, ya yi dariya ya ce na gode, ya zuba wa maɗaci. Malam Tanimu kaɗai ya ce, "Ku bar yaron nan, halitta ce. Bahago ba a ɗaure mashi hannu, gyara mashi wurin zama ake yi." Yanzu jikata da ke aikin asibiti ta ce abin yana da suna, har da masu duba shi. To alhamdu lillahi. Mu a lokacin ba mu da suna, sai dabarar maigida.

Ga yadda ya gyara mashi zaman. In za a yi rubutu, sai a juya motar ta ba titi baya, Bitrus ya fuskanci katanga, ba ya ganin mai wucewa. Gwangwani ɗaya ake buɗe mashi, sai ya gama da wannan launi a ba shi wani. Ni kuma in zauna kusa da shi ina wanke buroshi ko ina nawa furen, ba magana, zaman kawai, don in da mutum a gefensa ya fi daɗewa a kan aiki. In ya fara karkata kai yana neman tsumma, maigida ya kama hannunsa ya tsallaka da shi titi, ya juyo da shi, ya ce, "Daga nan ake karanta mota, kuma tana gudu. Me ka gani?" Bitrus ya ce, "Ba komai." Ya ce, "To ni ma haka." In kuwa da gyara na gaske, maigida ba ya fara cewa ya ɓaci. Sai ya ce, "Kai, wannan M ɗin ta zauna. Zo mu duba maƙwabciyarta."

Babbar dokar ita ce karatun alli. Ba a taɓa sa fenti sai an zana maganar duka da alli, sannan wani, ba wanda ya zana ba, ya tsaya ƙasa ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, kamar ɗan aji ɗaya. Ni ne mai karatun allin Bitrus. Ka ga ai abin dariya ne, ƙato da gemu yana "ha, sa, da" a bayan tasha. Amma sau nawa na kama mashi harafin da ya tsallake, ko kalmar da ya maimaita don wani ya yi mashi sallama a tsakiya.

Da idon maigida ya yi rauni ya koma gida, ya bar mana rumfar mu biyu. Kai, waɗannan shekaru! Auduga na kuɗi, taki na zuwa tirela-tirela, duk manomin da ya tara ya sayi mota, duk wanda ya sayi mota kuma yana da maganar da yake son gaya wa duniya. Wani habaici yake wa ɗan'uwansa, wani godiya yake wa Allah, wani budurwa ce ta ƙi shi. Direba zai zauna ya ba ka tarihinsa kaf kafin ya faɗi abin da za a rubuta. Mukan yi layin motoci har bakin titi. Ranar Juma'a Bitrus ya tsare rumfa in tafi masallaci, ranar Lahadi ni in tsare. Da Kirsimeti matarsa Saratu ta aiko mana da shinkafa da kaza, da Sallah uwargidana ta rama. Da yamma mu zauna wurin mai shayi, hannu duk fenti, muna kallon aikinmu na wucewa ɗaya bayan ɗaya, Bitrus na sunkuyar da kai wai kada ya ga kuskure. Ina kewar wannan zama, ba zan ɓoye maku ba.

To, sai motar Alhaji Mati. Mutumin Danja ne, dattijo mai fatauci, ba ya da yawan magana. Ya sayi sabuwar roka, kafintoci suka ɗora mata bodi, ya kawo ta ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, yana son ta yi lodin raguna zuwa kudu. Na yi mata shafe kore, na zuba fure, na sa dabino biyu a ƙofar baya. Saura allon goshi, wanda ke saman gilashi, inda kowa ke fara kai ido. Alhaji ya ce a rubuta, "Hassada ga mai rabo taki ce." Ranar da za a yi rubutun aka aiko mani ƙanwata ta haihu a Malumfashi, jikin ya yi tsanani. Na ce wa Bitrus ya jira ni zuwa gobe. Amma dillalai suka matsa wa Alhaji, aka jawo motar daga rumfa aka kai ta bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, wai a riƙa lodi Bitrus na rubutu. Ka ga an karya dokokin nan duka a lokaci guda. Ba katanga, ba ni, ba karatun alli. Ta ko'ina kuwa abu ɗaya ake faɗa: rago nawa, rago albarka, kama ragon nan, rago, rago.

Da na dawo washegari na iske tasha ana ta dariya. Motar ta tafi tun jiya, amma labarin na nan. Bitrus ya zuba rubutun da bai taɓa yin irinsa ba, fari da inuwa ja, harafi kamar ka taɓa. Sai da ya sauko, wani ɗan kamasho mai faɗin baki da ake kira Shagali ya ɗaga kai ya karanta da ƙarfi: "HASSADA GA MAI RAGO TAKI CE." Aka ce wuri ya kaure. Wani manomi ya ce, "Yo ai gaskiya ya rubuta, mai rago ya taɓa rasa taki?" Wani ya ce a'a, rago malalaci ake nufi, da Alhaji ake. Shagali ya bi Bitrus yana tafi yana "Mai Rago! Mai Rago!" Lodi ya riga ya cika, direba ya ja mota da ɗanyen fenti.

A rumfa na samu buroshinsa a ƙasa, fenti ya bushe a jiki. Ɗakinsa kuma a buɗe, ya kwashe Saratu da yara sun koma Gozaki.

Na ce kwana biyu ne zai huce. Na bi shi bayan Sallah, na same shi a gona. Ya tarbe ni da murna, ya sa aka dama mani fura, amma ina buɗe baki ya ɗaga hannu ya ce, "Lawal, in kana son zumuncinmu, kada ka yi mani maganar motar nan, kada ka yi mani maganar tasha. Na gama. Dama malaminmu ya faɗa." Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce mashi kowa na kuskure, ya ce kowa na yi amma ba kowa ke rataya nasa a goshin mota ba. Kasuwar Malumfashi ma ya daina zuwa, don kada ya haɗu da direba. Duk zuwan da na yi bayan wannan, sai mu yi hirar dawa da auduga in dawo.

Motar kuwa da ta dawo daga kudu, na ɗauki tsani da farin fenti na tari Alhaji Mati. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, harafi ɗaya ne, yanzu in mai da G ɗin nan B, ba sai ka biya ba." Ya dube ni, ya dubi allon, ya ce, "Malam Lawal, ni ban iya karatun boko ba, sai da aka karanta mani. Amma na san hannu. Kai ka rubuta?" Na ce a'a. Ya ce, "To rigar da gwani ya ɗinka ba a ba wani ya yi mata faci. Wanda ya sa shi, shi zai cire. Ban yi fushi da shi ba, ban kuma aika a gaya mashi magana ba. Ranar da ya zo, mota na nan." Na ji zafin maganar, don ni ma ina da zuciya, amma gaskiya ya faɗa, B ɗina a tsakiyar rubutun Bitrus da ta fi G ɗin muni. Haka motar nan ta ci gaba da yawo. Tun daga Funtuwa har Ikko ba mai kiranta sai Mai Rago. Yara na binta suna mee. Direbanta ya gaji ya roƙi Alhaji, Alhaji ya ce a bari.

Ni kuma rumfa ta fara mutuwa a hannuna. Direba zai zo ya leƙa, ya ce, "Ina mutumin?" In ce yana ƙauye. Ya ce to a yi mashi shafe kawai, rubutu ya kai Zariya. Ana cikin haka sai ga muguwar shekarar nan. Ruwa ya ɗauke dawa na cikin fitar da kai, auduga ta tsaya iya gwiwa ta ƙone. Kaya suka yi wuya a ƙasa gaba ɗaya, fenti ya ɓace daga kanti, wanda ka samu kuma an sirka shi da abin da Allah kaɗai ya sani, ka shafa yau gobe ya yi fari. Na koma rubuta lambar gida da allon masu kantin magani da hannuna mai kama da tafiyar agwagwa. Motocin da suka rage a hanya su ne masu ɗauko masara daga kudu, su kuwa ba su fasa son ado ba, sai dai ba ni suke nema ba.

Da kaka, kakar da ba a girbe komai ba, na hau keke na tafi Gozaki. Na iske Bitrus ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Rumbunsa a buɗe, ba ko zangarniya. A jikin rumbun na ga inda aka yi rubutu da gawayi aka goge da tafin hannu, wuri-wuri, har bangon ya yi baƙi. Saratu ta kawo mana ruwa, ta ba ni haƙuri wai ba fura. Maimakon ta koma ciki sai ta durƙusa nan gefe, ta ce, "Baban Ladi, yau zan yi magana gaban Malam Lawal, ka yafe mani. Na sayar da akuyata, na sayar da kwanonina. Yaran nan ba za su ci kunyarka su ƙoshi ba. Allah ya ba ka hannu, ka zo ka binne shi a gona."

Bitrus ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Saratu, ba ki san yadda abin yake ba. In na tuna tashar nan, dariyar nake ji a kunnena kamar yanzu ake yi." Ya juyo gare ni, ya ce a hankali, "Da ka gyara, ya fito da kyau kuwa?"

Na ce, "Gyara me?"

Ya ce, "Allon."

Na ce, "Af! Ai ba a gyara ba. Alhaji ya hana kowa taɓawa. Ya ce kai yake jira."

Wallahi sai da ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kana nufin har yau tana yawo da shi? Har kudu? Damina biyu?" Na ce har Ikko, jiya ma na gan ta tana sauke masara. Ya kama kai ya zagaya rumbu, ya dawo, ya ce, "Haba Lawal! Haba! Kuma ka iya barci?" Na ce barcina nake har da minshari, tun da kai ka hana a yi maka maganar. Ya tsaya yana huci. Ka ga ikon Allah, halin nan nasa na rashin haƙuri da kuskure, wanda ya kore shi, shi ne kuma ya hana shi zama. Ya tambaye ni sau uku ko da gaske Alhaji bai zage shi ba. Na rantse mashi. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙunshin tsumma, ya kwance, sai ga buroshi biyu sababbi na gashin kunnen sa, ashe yana ɗaurawa yana ɓoyewa.

Washegari muka iso Funtuwa da hantsi, na goyo shi a keke. Niyyata a jawo motar bayan tasha, a juya ta ga katanga yadda muka saba. Sai muka tarar ta cika da buhuna, tana tsakiyar tasha, an kewaye ta da wasu motoci, ba halin motsi sai azahar, azahar kuma tafiya za ta yi. Na ce mu bari sai ta dawo. Bitrus ya ɗaga kai ya dubi allon. Rana da ruwa sun cinye farin, jan ya koɗe, amma G na nan daram. Ya ce, "Kawo tsani."

Alhaji Mati na zaune bisa buhu yana jan carbi. Bitrus ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya fara, "Alhaji, ni ne na..." Alhaji ya katse shi, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Bitrus. Ya iyali? Ga aikinka can."

Bitrus ya hau rufin direba, ya kankare harafin, ya shafa kore, muka jira ya sha iska. Mutane suka fara taruwa. Ina jin ana raɗa, ana nuna shi da baki. Ya zana da alli, ya leƙo ƙasa ya ce, "Lawal, karanta." Na buɗe murya a tsakiyar tashar Funtuwa na ce, "Ra, bo. Rabo." Ya tsoma buroshi. Aikin da ya hana shi barci damina biyu, kafin mai shayi ya gama firfita kofi ɗaya ya ƙare. Sabon harafin ya fi 'yan'uwansa haske, dole, tun da su sun sha hanya. Na ga ya fara karkata kai. Alhaji ya ce daga ƙasa, "Ya yi. Ƙurar hanya za ta daidaita su. Sauko." Ya ɗan jima, sannan ya sauko.

Ƙafarsa na taɓa ƙasa, sai ga muryar da nake tsoro tun safe. Shagali ne ya keto taro, baki har kunne, yana tafi.

"A'a! Jama'a, ku zo ku gani! Mai Rago ya dawo! Mai Rago!"

Wasu suka fara dariya, wasu suka haɗiye tasu. Na ji kamar in shaƙe shi. Bitrus ya tsaya cak, ya ba Shagali baya, gumi na bin ƙeyarsa. Na ga ya kai ido wajen da motocin Malumfashi ke lodi, ga wata ta kusa cika, yaron mota na kiran saura mutum ɗaya. Na san in ya taka ya shiga motar nan, ni da ganinsa a tasha sai a lahira, Saratu da yara kuma sai abin da Allah ya yi. Ba abin da zan iya yi mashi, katangar da zan juya shi gare ta babu.

Ya goge buroshin a tsumma, a hankali, gefe da gefe. Sannan ya juyo.

"Na'am," ya ce. Muryar ta fito 'yar siririya. Ya yi gyaran murya ya sake cewa, "Na'am, Shagali. Matso da goshinka, akwai sauran fenti."

Tasha ta fashe. Har Alhaji Mati sai da ya saki carbi ya riƙe ciki. Shagali ya dafe goshi ya ja da baya, yara suka bi shi suna mee. Dariyar ba ta lafa ba wani direban masara ya ratso ya dafa kafaɗar Bitrus, ya ce, "Mai Rago, in ka huta ga tawa can, tun bara take jiranka ba rubutu."

Bitrus ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Me za a rubuta?"